Tagar Inna Tabawa a Jikin Danga

Wata rana cikin marka, ruwa ya wuni yana zuba a wani ƙauye na bakin fadama, har dangar karan da ta raba gidan Malam Nomau da na Tanimu ta kwanta.

Nomau ya ce gyara na Tanimu ne, tunda mahaifin Tanimun ne ya kafa ta.

Tanimu ya ce a'a, awakin Nomau ne suka cinye gindinta.

Kowa ya kafe. Gaisuwa ta koma ɗaga hannu daga nesa. Da awakin suka tsallaka suka cinye kuɓewar matar Tanimu, aka fara maganar zuwa gaban alƙali.

To, a gidan Nomau akwai mahaifiyarsa, Inna Tabawa. Ƙafafunta sun daɗe da daina ɗaukarta. Kullum da la'asar sai a shimfiɗa mata tabarma a ƙofar ɗaki, ta zauna tana kallon kara.

Yanzu babu karan.

Ta bayan gidan Tanimu ƙasa ta gangara, sai ga fadama shimfiɗe iya ganin ido. Balbelu na dawowa a jere, farare tas. Rana na narkewa cikin ruwan shinkafa kamar manja. Can nesa ga giginyar da take tsintar 'ya'yanta tun tana amarya. Ashe tana nan tsaye.

Ranar da mai unguwa ya zo raba gardama, murya ta fara tashi. Sai tsohuwar ta yafito maƙwabcin.

"Tanimu, in an gano mai dangar, mayar da ita za a yi?"

Ya durƙusa. "Har ta fi ta da tsawo, Inna."

Ta daɗe tana kallon fadama.

"To ku yi rigimarku a hankali, ɗana. Ban gama kallo ba."



Nomau ya zo ya zauna a bakin tabarmar, ya dubi inda take duba. Ya sunkuyar da kai. Bai taɓa tambayar kansa abin da uwarsa ke gani in ya fita gona ba.

Mai unguwa ya saɓa babbar rigarsa ya tafi, bai yanke hukunci ba.

Washegari Tanimu ya kawo kara, Nomau ya kawo itace da igiya. Suka ɗaure danga tare, awaki suka rasa hanya. Amma daidai tsayin mutum a zaune, suka bar taga.

Ta nan Inna ta ga shinkafa ta yi kore, ta yi ja, aka girbe.

Darasi: Muna can muna jayayyar wa ke da alhaki, mu manta da wanda abin ya fi shafa, don shi ba ya ɗaga murya. Kafin ka ce ba naka ba ne, waiwaya ka ga wa ke zaune shiru a gefe.

Tura wa maƙwabcinka, ko da rabonku da gaisawa an jima.