Gurbin Amshi

Wata tara na yi ina jiran albam. Ni da ban taɓa jin kalmar ba sai da furfura ta gama rufe min kai, ni ce aka wayi gari ina tambayar yara ko an sa rana. Ban yi boko ba. Wannan ma ina faɗa ne jikata tana rubutawa, kuma na ja mata kunne kada ta gyara min magana.

'Yata tana da shagon kitso a Jikwoyi, bakin titin da ya nufi Karshi. Tun da gwiwoyina suka ƙi, can nake wuni a kan tabarma bayan ƙofa, in mutane sun yi yawa in taya da tsifa. Ɗaki ɗaya ne, madubi biyu, da fanka mai kuka kamar akuya. A ƙofar shagon akwai wata 'yar Filato mai teburin lemo da kankana, kullum da asuba take zuwa Zuba sari. Ita ce abokiyar hirata, duk da Hausarta ba ta raba mace da namiji.

Mawaƙin da ake ta jiran albam ɗinsa kuwa, ni na yi wa uwarsa wankan jego. Gida ɗaya muka yi haya a Kurudu, lokacin da gonaki suka fi gidaje yawa. Mu uku muke daka a turmi guda: ni, da uwarsa, da wata 'yar garinmu. Akwai waƙar da na taho da ita daga ƙauye, wadda na koya a bakin gwaggona. Mai bayarwa ta faɗi nata, ta yi shiru ta ja numfashi, sauran biyun su amsa, sannan ta ɗora. Ni ce mai bayarwa. A wajenmu mace ba ta amsa wa kanta waƙa. Wadda aka ji tana bayarwa tana amsawa, to an san ba ta da kowa, har a leƙo a ce mata lafiya? Uwarsa ta rasu, 'yar garinmu ta bi ta, injin niƙa ya shigo unguwa. Fiye da shekara ashirin ban buɗe baki na yi waƙar ba, don babu mai karɓa.

Sai ga mawaƙin wata rana da la'asar, kafin azumin bara, a mota mai baƙin gilashi, da mutum biyu a bayansa. Ya durƙusa har ƙasa, wannan kam ba zan hana shi ba.

"Inna, waƙar nan da kuke yi da mahaifiyata nake so. Zan sa ta a sabon albam."

Ɗaya daga cikin mutanen ya miƙo min wani abu mai gashi a kan sanda, kamar an soke gafiya. Na gyara zama na fara.

*Geron bana ya sha rana,*

na yi shiru, na buga gwiwata sau biyu, daidai saukar tabarya biyu.

*Kafaɗata ta yi nauyi,*

na sake yin shiru. Mai sandan ya cire abin kunnensa ya ce, "Oga, Mama ta gaji, a kawo mata ruwa?" Na watsa masa harara ya mai da abinsa. Baiti bakwai na yi, kowanne da gurbinsa. Ban faɗi amshin ba, kuma ba wanda ya tambaye ni. Na ɗauka ya sha shi a bayan uwarsa, tunda yana goye take amsa min. Da zai tafi ya ce, "Inna, duk ƙasar nan sai sun rera ta." Na kwana ina juya maganar. Duk ƙasa ta amsa min! Ko mutum biyu ma da sun ishe ni.

Bayan wata guda jikata ta faɗo shago da gudu, waya a sama.

"Kaka! Ya saki ɗan guntu! Muryarki ce wallahi!"

Aka bar kitso rabi aka taru. Ga muryata, tsaf, kamar ina cikin tulu: geron bana ya sha rana. Daga nan fuskar wayar ta yi baƙi, rubutu ya fito, wai yana nan tafe. A daidai inda amshi zai shigo aka yanke. Na ce a raina, ja'iri, ya san abin da yake yi, ya ɓoye amshin ne sai ranar.

Daga ranar shagon ya zama majalisa. 'Yan matan unguwa, da masu kitso da marasa gashin kitso, kowa ya zo da labarinsa. Wannan ta ce waƙa goma sha biyu ce, waccan ta rantse sha huɗu, ta ga hoton allo a sutudiyo ta ƙirga da yatsa. Ya aske gemu, suka yi kwana uku suna fassara askin. Ya sa hoton jar hula, wai albam ɗin na gargajiya ne. Ya goge hoton, wai ya canza shawara. Akwai wata ma'aikaciyar ma'aikatar tarayya da ke zuwa duk Asabar biyu, mai gilashi, rabin maganarta Turanci. Ita ce alƙaliya. Ta ce ya ɓata da mai haɗa masa kiɗa a Legas, kada kowa ya sa rai kafin Salla.

"Anti, ke kullum sai kin kashe mana jiki," in ji jikata.

"Ni dai na faɗa. Ku rubuta ku ajiye."

Wata mai jan baki ta ce ai geron budurwarsa ce, wadda ta sha wahala a kansa. Na ce mata gero gero ne, 'yar nan, shi ake dakawa a yi fura, je ki tambayi uwarki. Aka kwashe da dariya. Suka juyo kaina.

"Kaka, don Allah me ke biye? Ɗan yi mana kaɗan."

"Ku jira albam."

"Haba tsohuwa, rowa har da waƙa?" in ji jikata.

"Ƙawata, in kin matsu ki je Legas ki taya shi."

Gaskiyar magana, abin da ke biye ba nawa ba ne. Ba zan iya buɗe baki in faɗa ba, kuma ba zan tsaya ina yi wa jikokin cikina bayanin dalili ba. Na fi son su ji shi daga lasifika, da muryoyin 'yan mata masu yawa, su ɗauka ba tare da na roƙi kowa ba.

Aka ce bayan ƙaramar Salla. Ta zo ta wuce. Aka ce babbar Salla, aka ci nama aka gama, shiru. Yaran suka fara fushi. Suna zaginsa da safe, in wata daga waje ta taya su zagin su rufe ta da faɗa. Wasu suka koma bin wani mawaƙin, bayan sati suka dawo. Ni ba ni da wani mawaƙin da zan koma wa. Kullum in na ji jikata ta yi ihu a kan waya sai gabana ya faɗi, ashe riga ce ta gani.

Cikin damina zazzaɓi ya kwantar da ni kwana goma sha ɗaya. Ina kwance ina jin ruwa a kan kwano, ina lissafin cewa in na tafi yanzu, rabin waƙar ne kawai a duniya, shi ma a hannun mutumin da ba ya ɗaga waya. 'Yata ta ce, "Inna, ki cire abin nan a ranki, hawan jininki yake tayarwa." Na ce mata ban sa komai a raina ba. Ta san ƙarya nake. Da na miƙe na dawo tabarmata, har 'yar Filato ta ce, "Mama, kin rame. Wannan yaro zai kashe mu da jira, ni ma da ba na jin waƙansa na gaji."

Ranar da ya fito Juma'a ce, ruwa ya riga ya ɗauke. Da hantsi shagon ya cika har waje. Aka aro babbar lasifika, aka ta da janareta don ba wuta. Ma'aikaciyar ma ta zo, wai ta ce wa ogansu za ta asibiti. Waƙa goma sha uku ce, duk masu rantsuwa sun faɗi. Tawa ce ta tara. Suka so a tsallaka, na ce a bi layi, wanda ya jira wata tara ba zai kasa jiran waƙa takwas ba. Na zauna na sha hayaniyar da ban gane kanta ba, bayana yana ciwo, ina gyara ɗankwali.

Sai ga ni.

*Geron bana ya sha rana kafaɗata ta yi nauyi wa zai kai ni inuwar gawo,* haka, a manne, baiti yana taka ƙafar baiti, ganga tana kora ta daga baya. Babu gurbi ko ɗaya. Kamar matar da ake bi da gudu tana ƙirga kayanta. Ina zaune ina sauraro numfashina ya sarƙe, don ƙirjina ya san inda ake tsayawa, muryar kuma ba ta tsaya ba. Na jira ko amshin yana ƙarshe. Mawaƙin ya shigo da nasa, rabi Turanci. Waƙa ta ƙare.

Yara suka ɓarke da ihu. Mai jan baki ta rungume ni har ta kusa karya min wuya. Ma'aikaciyar ta dafa kafaɗata ta ce, "Mama, sun yi miki aiki mai kyau fa. Duk inda kika tsaya hutawa sun cire, kin fito kamar 'yar shekara talatin."

Na ce mata na gode. Me zan ce?

Aka maimaita sau uku. A na ukun 'yar Filato ta shigo da wuƙar yanka kankana a hannu, ta tsaya tana karkata kai. Ita tana cikin mawaƙan mata a cocinsu, ta san bayarwa ta san karɓa.

"Tsaya, tsaya. Mama, wannan waƙa ba shi da wurin amsawa? A coci in mai ja ya yi irin wannan layi, mu muna amsa. Wannan kamar mutum yana gaisuwa, yana wucewa kafin a ce lafiya."

Jikata ta dube ni, na dubi fanka.

'Yar Filato ta juya ga jikata ta ce, "Ke yarinya, mai da shi baya. In Mama ya gama layi ɗaya, danna ya tsaya."

Jikata ta mayar. Geron bana ya sha rana. Ta danna. Ga gurbin ya dawo, sai ƙarar janareta a cikinsa. Mata kusan ashirin, baki a buɗe, kowa a shirye, ba wadda ta san abin faɗa. Duk suka zuba min ido.

Na tuna uwarsa, yadda take amsawa tana gyara goyo da gwiwar hannu. Na tuna gwaggona, da abin da za ta ce in ta ji ni. Na duba ko akwai wata hanya, babu. Muryata ce ta bayar daga cikin akwati, ni ce kuma a kan tabarma.

Na buga gwiwata sau biyu na ce, "Sauke tabarya, mun karɓa."

Ba wanda ya leƙo ya ce min lafiya. Ba su ma san akwai abin kunya a ciki ba, wannan ya fi komai gajiyar da ni. Jikata ta saki, muryar ta ce kafaɗata ta yi nauyi, ta danna. 'Yar Filato ta riga kowa, da wuƙarta a sama, sauran suka biyo ta a warwatse, wasu sun makara, mai jan baki tana dariya. Muka bi baiti bakwai ɗin a haka. Amshin bai yi daɗi ba, in faɗi gaskiya. Amma an amsa. Da aka gama na ce a kawo min ruwa.

Albam ɗin yana nan yana yawo, ina jin kaina a cikin keke napep da shagunan caji, ina gudu ba numfashi. Ya aiko min da atamfa da gaisuwa, ban aika masa da komai game da gurbin ba. A shago, in ina nan, jikata takan ɗora yatsa a kan wayar ta riƙa tsayar da ni. Wani lokaci hira ta ɗauke ta ta manta, in ba ni da ƙarfin tuna mata sai in bar shi ya wuce. Jiya na ji sun fara gardama, wai zai saki bidiyon waƙar kafin Kirsimeti. Na ce su tashe ni in ya fito, na juya na fuskanci bango.