Muryar Manu Ce, Ba Taka Ba

Yau da safe ina kan kabu-kabu daga Gwadangaji aka kira ni: Manu na Zauro ya rasu. Innalillahi wa inna ilaihi raji'un. Sai da na ce wa mai mashin ya tsaya na sauka.

Ga waɗanda ba su san shi ba, Manu manomin shinkafa ne, mai waƙar noma kuma. In ya ɗaga murya a gayya, ko malalaci irina sai ya sunkuya. Abokina ne tun muna samari.

Ba a taɓa girbi ba sai ya turo wa innata shinkafar tuwo. Da ta kwanta ciwo, shi ya riƙa zuwa gidanta a Badariya yana zolayarta har ta ci abinci.

Shekarar da aka ba mu jiha na ɗauki waƙoƙinsa a kaset, a cikin fadama. Daga baya na juye masa su a wani ɗan MP3, kaset ɗin kuwa ambaliya ta tafi da shi. Ɗan MP3 ɗin nan ya zama abokin hirarsa, ya ɗaura masa zare ya rataya a wuya kamar laya.

Rannan abin ya fara iskanci, ya kama waƙa ya saki, ya mutu ya farfaɗo. Manu ya kai wa wani mai gyara a kasuwa. Mutumin ya ajiye shi sati guda, sannan ya ce an yi filashin, komai ya goge. Manu ya koma gida da fanko a wuya.

Ashe ƙarya ce.

Bara ina lalube a manhajar kiɗa, irin wadda sai ka biya duk wata kafin ka saurara, sai ga muryar Manu a kunnena. Na duba suna. Sunan mai gyara ne, har da hotonsa da baƙin tabarau, mutumin da bai san inda ake riƙe fartanya ba.

Watan jiya na je gaishe shi a asibiti a Argungu. Idonsa ya riga ya yi rauni. Na sa masa iyafis a kunne, yana ji, leɓensa na bin waƙar. Can ya ce, “Ladan, sunan wa anka rubuta?”

Na faɗa masa.

Ya ce, “Bar shi. Tunda dai mutane na jin ta, na yahe mai.”

Shi ya yafe. Ni ban yafe ba.

Kai mai gyara, na san kana karanta wannan, don na ga ka sa hotonsa a status ɗazu, wai “mun yi rashi”. Ka yanke farkon waƙoƙin inda yake faɗin sunansa, ka zaci ka gama. Koma ka saurari ta uku da kyau. A tsakiya akwai wanda ya ƙwala, “Kai Manu, ruwa ya taho, kwashe gangag ga!” Ni ne. Duk Zauro sun san muryata, kuma gobe a wajen zaman makoki zan kunna musu ita da lasifika, in karanto sunan da ke kai. Ka zo ta'aziyya in ka isa.

Allah ya jiƙan Manu, ya haskaka kabarinsa, ya ba iyalinsa haƙuri. Allah ka saka masa tun a nan, muna gani.

Jama'a, ku sa shi a addu'a. In kun ɗaga hannu ku kira sunansa a fili, Manu na Zauro, don an daɗe ana jin muryarsa ba a faɗi sunan ba.