Wanda Ke Gyara Allon Malama

Duk wanda ya yi karatu a hannun Malamar Fiziks ya san ba ta karɓar lamba tsirara. Ka rubuta amsa babu ma'auni, sai ta ɗaga takardarka sama ta ce, "Tara me? Awaki tara ko tsintsiya tara?" Aji ya kwashe da dariya, kai kuwa ka ji kamar ƙasa ta tsage ka shige. A makarantar nan ta tsufa, ta koyar da yara, ta zo ta koyar da 'ya'yansu, hannun rigarta kullum fari fat da alli. Harshenta da kaifi, amma ba a taɓa kama ta da kuskure a allo ba. Ta kuma san da haka, har da 'yar taƙama.

Abu ɗaya take tsoro, ko mijinta ba ta taɓa gaya wa ba. Mahaifiyarta tana da kamar shekarunta na yanzu ta fara mantuwa: yau ta zuba gishiri sau biyu a tukunya, an jima ta dubi 'yar cikinta ta tambaye ta wa take nema. Malama ce ta yi jinyarta har ƙarshe. Shi ya sa in ta gama neman tabarau aka nuna mata shi a goshinta, kowa dariya yake, ita gabanta ne ke faɗuwa.

Wata safiya ta ba 'yan ajin ƙarshe lissafin da ko daga barci aka tashe ta za ta yi. Caji biyu, ɗaya fozitif ɗaya negatif, kowanne maikrokulom ɗaya, tsakaninsu santimita ashirin, a nemo ƙarfin filin lantarki a tsakiyarsu daidai. Ta raba nisan biyu ya zama goma, ta fitar da na kowane caji, ta haɗa su tunda gefe ɗaya suka fuskanta. Ta rubuta 180, nyuton bisa kulom, ta ja layi a ƙasa. Yara suka kwafe shiru, aka buga ƙararrawa.

Sai da ta isa ɗakin malamai ta lura ta bar jakarta, ta koma. Yaran sun fita shan iska. Gaban allo kuwa ga malamin kemistiri tsaye, tsohon ɗalibinta ne, wanda ta sha jan kunnensa a wannan ajin. Ya goge goman nan ya mai da ita 0.1, yana rubuta miliyan ɗaya da dubu ɗari takwas, a hankali, yana kwaikwayon rubutunta.

Nan take ta gane. Ba ta mai da santimita mita ba, kuskuren da ta yi rayuwarta tana yi wa yara faɗa a kai. Ta dafa tebur.

"Ɗana, me kake yi?"

Alli ya faɗi daga hannunsa. "Malama, ɗan abu ne kaɗan. Gajiya ce, kowa na yi."

"Kar ka raina min hankali. Yaran sun gani?"

"Su ne suke kirana. Nauyinki suke ji, ba sa iya ɗaga hannu."

"Suke kiranka," ta maimaita. "Ke nan ba yau aka fara ba."

Ya sunkuyar da kai. Tsoro ya kama ta sosai, amma ta tattaro abin da ya rage mata na ƙarfin hali, ta gyara tsayuwa.

"To ka saurara. Daga yau kar ka sake taɓa min allo a ɓoye. In na yi kuskure ka zo ka gaya min ido da ido, ni kuma zan je in ga likita. Ka ji?"

Da ya ɗago, idonsa ya kaɗa ya yi ja.

"Malama, mun yi wannan maganar makon jiya. A nan kike tsaye, haka kuma kika ce."

Ta bincika kanta kaf, ba ta sami ko alamar ranar ba. Ta jawo kujerar wani ɗalibi ta zauna.