Jajayen Goggo Dije

Har in koma ga Allah ba na jin zan manta da ranar da na loda tumatirin Goggo Dije a kura na tura shi ofis. Ku da kuka shigo aikin nan a bayanmu ku saurara, domin ku ma wata rana za a yi muku irin wannan aike.

A lokacin ina malamin gona a shiyyar Haɗeja. Malamin gona shi ne ƙaramin ma'aikacin da ke yawo a babur daga fadama zuwa fadama yana ba manoma shawara. A samansa akwai shugaban shiyya, a saman shugaba kuma akwai mutanen Dutse, waɗanda ba ma ganinsu sai ranar ɗaukar hoto. Tumatir kuwa a wajenmu abin rani ne. A dasa shi da sanyi, a tsinka har ya rasa mai saye, sai bazara ta shigo furen ya zube saboda zafi. Daga nan mai girki ba ta da abin miya sai kauɗa, wato busasshen tumatir.

A shekarar aka turo mana sabon shugaba da ya yi kwas na mako shida a wata ƙasar sanyi. Ba ya buɗe baki sau biyu bai ce "a kwas ɗinmu" ba, har muka raɗa masa Mai Kwas. Ya tara mu ya ce zai koya wa matan gari noman tumatir a gida, a riƙa ci har bayan lokacinsa, kuma sirrin abin shi ne ɗakin leda. Na ce, "Ranka ya daɗe, can sanyi suke gudu. Mu nan zafi ne ke kashe shi. Ga Goggo Dije a bayan katangarmu, da rumfar zana take yi, kuma har yanzu nata yana 'ya'ya." Ya dube ni sama da ƙasa ya ce, "Malam Sabo, ka taɓa hawa jirgi?" Na ce a'a. Ya ce to in zauna.

Aka kafa ɗakin a bayan ofis, aka lulluɓe shi da leda ruf, ko ƙuda ba ya shiga. Mako uku dashen ya yi a ciki ya bar mana duniya. Ana cikin haka takarda ta iso cewa babban baƙo zai zo daga Dutse ranar Laraba ya ga aikin.

Sai ga shi Mai Kwas bai manta da maganata ba. Ya kira ni ya ce in je in aro tumatirin tsohuwar nan na wuni ɗaya. Da na fara kame-kame ya ce, "Ko ka kawo, ko in rubuta maka canjin wurin aiki zuwa iyakar Yobe." Bakina ne ya jawo, ba na kowa ba.

Goggo Dije matar tsohon maigadinmu ce da ya rasu. A tsakar gidanta tana da buhunan siminti goma sha biyu cike da ƙasar bakin kogi da kashin awaki, jere a ƙarƙashin zana mai huji-huji, tana ba su ruwa da asuba da la'asar. Tumatirin ƙanana ne kamar goro, amma ba sa tsoron zafi. Shekara tara tana barin 'ya'yan da suka fi jure bazara su nuna sosai, ta matse irin ta ajiye a toka, ta shuka shi a shekara mai zuwa. A wannan karon ɓera ya cinye ragowar irin da ta ajiye, saboda haka duk irin da ya rage mata yana jikin buhunan nan.

Ta saurare ni har na gama, sannan ta ce, "Ɗan nan, jajayen nan na iri ne. Ko a miyar Juma'a ban sa guda ba. Kada a taɓa su, kada kuma a bar su a rana." Na dafa ƙirji na ce, "Goggo, kafin azahar suna gidanki."

An ce baƙo zai iso ƙarfe goma. Tun takwas muka jera buhunan a ɗakin leda, Mai Kwas ya ɗaura ƙyallen da za a yanka a bakin ƙofa, ya hana a buɗe. Azahar ta yi, na roƙa a ɗaga gefe ɗaya iska ta shiga, ya ce ɗumin zai tsere. Sai bayan la'asar motoci suka shigo.

Baƙon ya yanka ƙyalle, ya sa ƙafa ɗaya ciki, zafi ya mare shi, ya janye ta yana cewa madalla. Ganyen duk ya lanƙwasa. Wani ya tambayi dalili, Mai Kwas ya ce a kwas ɗinsu an nuna musu haka tumatir yake hutawa da rana. Aka tafa masa. Daɗi ya kwashe shi, ya ce a tsinke jajayen duka a kai wa Hajiyar mai girma baƙo. Ni aka miƙa wa kwalin da za a zuba su. Na matsa kusa da shi na ce a hankali, "Ranka ya daɗe, na iri ne." Ya taka mini ƙafa yana murmushin hoto. Da hannuna na sa kwalin a bayan mota. Aljihu biyu ne a rigata, amma tsoro bai bar ni na jefa ko guda a ciki ba, kuma wannan shi ne abin da ke cina har yau.

Da na mayar da buhunan, Goggo ta bi su ɗaya bayan ɗaya tana ɗaga ganye. Ta ce, "Ina jajayen?" Na gaya mata. Sai ta ce, "To, Allah ya sa Hajiyar ta iya miya." Da ta zage ni da na fi samun sauƙi. Kwana uku tana yayyafa musu ruwa a inuwa, babu wanda ya tashi.

Rahoto ya tafi Dutse cewa ɗakin leda ya yi nasara. Mai Kwas ya sami ƙarin girma, aka aiko mana da leda a raba wa mata, kuma sunan Goggo ne na farko a takardar. Ni na kai mata tata. Da rani ya zagayo na leƙa gaishe ta, na tarar ta shimfiɗa ledar a tsakar gida tana shanya kauɗar tumatirin kasuwa, buhunan kuwa an jingine su babu komai a ciki. Ta ce, "Ka gaya wa ogan naka ledarsa tana da amfani."

Abin da na koya shi ne, a aikin nan wanda ya hau jirgi shi ke rubuta rahoto, wadda ta san ƙasar kuma ita ake zuwa aro wajenta. Idan an aike ku aron abin talaka don a nuna wa manya, ku karɓi canjin wurin aikin, iyakar Yobe ma mutane ne a can. Na yi shekaru ina raba iri mai suna da lamba a jikin takarda. Wanda ya fi su duka ba shi da suna, kuma ni na kai shi tukunya.