Tattasai Ma Baƙo Ne

Shekarar da babana ya rasu, Inna na fita takaba ta fara ɗaure kayanta. Ita mutuniyar Damagaram ce, aure ya kawo ta ƙauyenmu a bakin Komadugu, gabas da Diffa. Ƙanen babana, Baba Modu, ya riga ya yanke magana: baƙuwa ba ta riƙe gonar bakin ruwa. Ta koma gidansu, ni kuwa in zauna a dangin uba. Shekarata tara, kuma ba abin da nake tsoro irin motar ranar kasuwa da za ta ɗauke ta.

Lokacin sanyi ne, kowane rufi a garin ya yi ja da shanyar tattasai. Bayan magariba mukan kewaye wutar Kaka Falmata, mahaifiyar babana, muna tsinke hancin tattasai muna atishawa, ita tana tatsuniya. Saura kwana biyu tafiyar, ta sa aka kira Baba Modu, wai ya zo ya duba mata buhuna. Kaka ba ta taɓa bin hanya miƙaƙƙiya in akwai ta kwana.

Ran nan ba ta ce ga ta nan ga ta nanku ba. Muka tuna mata, ta ce, "Wannan ba ta gizo ba ce. Wana da Nasara suka kai soja, ya hau ruwan teku da ƙafarsa, shi ya ba ni."

Ta ce a can da, wani sarkin Nasara ya matsu da son masoro, sai ya tura mutanensa nema cikin jiragen katako masu tafiya da iska. Suka shiga ruwan da tafkin Cadi bai kai masa cikin cokali ba. Ba ciyawa, ba tsibiri, sandar tuƙi ba ta taɓa ƙasa, ga shi ba ya shayuwa don gishiri. Wata ya tsaya ya mutu, wani ya tsaya, ba su ga ko tsuntsu ba. Na tuna hannuna ya tsaya cak a cikin tattasai. Ni da ban taɓa ganin ruwan da ba a hango ƙetarensa ba, sai na ji duniya ta yi mini girma.

Daga ƙarshe suka faɗa wata ƙasa da ba ita suka nufa ba, suka tarar da mutane da gonakinsu. Masoro kam babu. Sai wani jan abu da aka ba su, suka tauna, hawaye ya zubo.

"Kunyar komawa hannu biyu ta sa suka ce wa sarki ai shi ne masoron," in ji Kaka tana dariya. "Daga jirgi sai raƙumi, daga raƙumi sai jaki, har ya iso nan." Ta ɗaga tattasai guda ɗaya a hasken wuta. "Modu, wannan ɗan wane gida ne a garin nan?"

Kaka ta ba kanta amsa.

"Baƙo ne. Shi ya yi maka aure, shi ya rufa ɗakinka. In baƙo ba ya riƙe bakin ruwa, fara tuge shi, sannan ƴata ta hau mota."

Da safe muka ji kukan jigo. Baba Modu ne yake ba fangalin Inna ruwa, bai kalli kowa ba.

Da na shiga lakwal, wato makarantar boko, na tarar Kaka ba ta yi ƙari ba, ragi ma ta yi. Masara da rogo da gyaɗa duk ta ruwan nan suka zo. Kuma jiragen da suka kawo iri sun kwashi mutane irinmu a ɗaure, ba su dawo da su ba. Har yau nakan rasa inda zan ajiye wannan mamaki, yadda ɓatan hanyar wasu a wata uwa duniya ya ciyar da ƙauyenmu, ya kuma bar mini uwata.

Inna ta tsufa a gonar nan. Shekarar da rashin tsaro ya tashe mu zuwa cikin Diffa, kowa ya hau mota sai ita. Baba Modu, da furfurarsa, ya durƙusa yana roƙonta. Ta dube shi ta ce, "Ku dai ku je. Ni ina za ni in bar garinmu?"