Baƙuwar Goggo Halimatou

Illo bai iya zama wuri guda ba. A fadar shayi ta unguwar Banifandou a Yamai, in malaman makaranta suka ɗauko gardamar ko agajin ƙasashen waje na da amfani, sai ka ga ya miƙe wai motarsa na jiransa. Motar kuwa ta daɗe da mutuwa. Mutumin Tahoua ne, tsohon direban wata ƙungiyar agaji a zamanin soja, kuma shi ya san abin da ke cinsa.

A shekarar fari ta tamanin da huɗu, mutanen ƙauyensu suka gudo Yamai, suka kafa bukkokin zana a bayan unguwar Harobanda, ƙetaren kogi. Babbarsu ita ce goggonsa Halimatou, wadda ta raine shi. Soja na kwashe 'yan gudun fari suna mayar da su gida, inda ko kara bai tsira ba. Waɗanda ƙungiya ta ɗauki cinsu kaɗai ake ƙyalewa. Illo ya yi ta naci har Nasarar da yake tuƙawa, wata Baturiya ta ƙungiyar, ta yarda za ta je ta gani da idonta. Sai ya aika wa Goggo cewa gobe yana tafe da baƙuwa.

Baƙuwa fa! Goggo ta sa aka share wurin fes. Ta aro zannuwa wajen Zabarmawan unguwa, aka wanke yara aka shafe su da mai. Akuya ɗaya ta rage mata, wadda ta jawo tun daga Tahoua, ta kai ta kasuwa ta sayo gero da nono da kaza.

Illo na tsayar da mota, ƙamshin miya ya buge shi, ya ga yara sai sheƙi suke. Nasara ta ce ya tambayi tsohuwa yadda suke.

"Lahiya lau, sai godiya," in ji Goggo. "Ce mata ta sha hura."

"Goggo, ki faɗa mata gaskiya, yunwa kuke ji."

"Gaban baƙuwa? Kai Illo, birni ya ɓata ka."

Nasara ta sha, ta ci, ta yaba. A kan gada suna komowa Illo ya yi bayani har yawunsa ya ƙafe. Ta ce ta ji, amma hatsin kaɗan ne, kuma jiya ta ga inda yara ko miƙewa ba sa iyawa. Ba muguwa ba ce, abin da ta gani ta kai ofis, ƙungiya kuwa ba ta ɗauki cinsu ba. Takaici ya ishi Illo, ya rasa wanda zai ji haushi.

Ranar da kamiyon soja, manyan motocin kwashe mutane, suka zo, ya bar aiki ya ruga da ƙafa. Ya tarar an riga an ɗora Goggo sama da ƙunshin tsummanta, mota har ta fara motsi. Ta sunkuyo, ta yafato shi, damuwa fal fuskarta.

"Illo, baƙuwar nan taka, nonon dai bai yi mata tsami ba, ko?"