Sabulun Marseille

Jama'a, yau tsarabar Turai ta tona min asiri a falon Hajiya Rakiya!

Kun san shekaranjiya muka dawo. Kwana goma muka yi a motar haya, ni da abokaina biyu, muna bin bakin teku daga Barcelona har Genoa. Kafin mu tafi, Hajiya, wadda take ciyar da mu tuwo duk Juma'a tun zuwana garin Greensboro na Amurka, abu ɗaya ta ce in kawo mata: sabulun Marseille. Wallahi har kwana muka yi a Marseille ɗin. Ina ta ɗaukar hoto da jiragen ruwa, na sha'afa da sabulu sam.

Yau da safe na lallaɓa shagon 'yan Nijar ɗin nan na titin Gate City Boulevard, a nan cikin gari. Ga sabulun kuwa, an ɗaure bibbiyu da jan zare. Na saya, na zuba a ledar filin jirgi, na nufi gidanta.

Na gaishe ta, na zauna, na miƙa. Har da ƙarin gishiri: "Hajiya, sai da muka zagaya kasuwa uku."

Ta juya sabulun, ta shafa zaren. Ta ce, "Sannu, ɗana, ka sha wahala."

Na ce, "Haba Hajiya, ai ba komai."

Ta ce, "Ni nake kawo wa mai shagon daga Yamai. Ranar Talata na ɗaure waɗannan, a kujerar nan da kake zaune."

Ta tashi ta zubo min tuwo, har da ƙarin nama.

Ta ce, "Ci ka ƙoshi, matafiyi. Gate City akwai nisa."